Ranar da Abarshi Ya Koma Gayya

A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, an yi wani mutum a unguwar Muchia ta Sabon Garin Zariya, sunansa Abarshi. Mutum ne mai fara'a, mai sakin hannu, ba wanda ya taɓa jin kansa da maƙwabci. Aibinsa biyu ne, kuma tare suke tafiya: son jiki da tsoron bakin mutane. Duk abin da ya kamata ya yi da ƙafarsa, sai ya kishingiɗa ya yi shi a cikin tunani, ya tashi yana jin kamar ya gama.

Ba haka ya taso ba kuwa. Ɗan wani ƙauyen Maguzawa ne a bayan Basawa, daga cikin gidajen da suka karɓi addinin Kirista. Yana saurayi siriri ne, dogo, ba ɗigon kitse a jikinsa. Duk ranar da aka kira gayya, samari suka jeru a bakin gona da garemaninsu, makaɗa suka saki ganga, Abarshi ne ke fara kai kunyarsa ƙarshe. Har yana da takensa na kansa a gangar noma. Da ya sami aikin lebura a gonar gwaji ta Samaru, da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake komowa, kuma ya iso gida ya saɓi garma ya shiga gonar uwarsa Doguwa kafin rana ta faɗi.

Sai Allah ya buɗa masa. Aka ba shi kwangilar kawo hatsin da ma'aikatan Samaru ke ci. Abu ya yi albarka, ya sayi tsohuwar babbar mota, ya ɗauki direba, ya gina gidan kwano a Muchia, ya tare da matarsa Liya da 'yarsu Dinatu. Tun ranar da ya zauna a gaban motar nan, ƙafarsa ta tafi hutu ba ta dawo ba. Ko kasuwar Sabon Gari za shi, wadda mata ke zuwa da goyo, sai an tayar masa da mota. Da safe shayi mai madarar gwangwani da burodi, da rana tuwon shinkafa yana iyo cikin man shanu, da yamma mai tsire ya san wanda zai ware wa kitse.

Jiki kuwa ya karɓa. Wuya ya ninke, kumatu suka cika, tumbi ya fara riga shi shiga ɗaki. Mutane maimakon su ji masa tsoro, sai yabo. "Kai, Abarshi ya zama babban mutum! Dubi yadda daula ta zauna masa." A wancan lokaci ƙiba ita ce shaidar samu, kuma ba wanda ya kai Abarshi yarda da haka. In ya shafa cikinsa, ji yake kamar yana shafa rumbu cike da dawa.

Akwai bishiyar mangwaro a tsakar gidansa, da kujerar kishingiɗa a ƙarƙashinta. Nan yake yini in ba aiki. Da ya ci ya ƙoshi, rana ta ɗan karkata, sai ya lumshe ido. Hayaniyar Sabon Gari ta yi ta ja da baya, kukan jirgin ƙasa daga tasha ya koma kamar daga wata ƙasa yake zuwa. Sai ya ga kansa a gonar Doguwa da sanyin safiya, raɓa na sheƙi a kan ganyen dawa, baƙar ƙasa na buɗewa a gaban garmarsa ba wahala, belbelu na sauka a bayansa, jikinsa sakayau kamar iska za ta ɗauke shi. A can cikin lumshewar ido bai taɓa yin haki ba. Yakan yi huɗar gona guda kafin Liya ta gama wanke-wanke, ya buɗe ido yana murmushi, ya ce a miƙo masa ruwa, alhali randar tana nan kusa da shi.

Ana nan, sai jiki ya fara magana. In ya hau mota sai ya yi haki kamar wanda ya yi gudu. In ya sunkuya ɗaura takalmi sai ya ga duhu-duhu. Wata Lahadi yana hawa matakalar coci, sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji, ciwon ya bi ta kafaɗa ya sauka hannunsa na hagu. Ya jingina da bango yana murmushin dole, yana amsa gaisuwa. Kowa ya wuce bai lura ba, ban da Liya. Ita ta ga zufar da ta karyo masa, ta ga yadda leɓensa ya yi toka-toka. Washegari ba ta bar shi ya karya kumallo ba sai da ya yarda suka je wurin likita.

Likitan wani Bayarabe ne mai suna Akinola, haifaffen Sabon Gari, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya sa Abarshi ya hau ma'auni, ya ɗaura masa wani ƙyalle a dantse ya hura, sannan ya kara abin sauraro a ƙirjinsa, ya daɗe yana ji.

Da ya ɗago ya ce, "Malam Abarshi, ba zan ɓoye maka ba. Jininka ya hau, zuciyarka kuma ta gaji. Ita ce dai zuciyar da ka yi noma da ita, amma kayan da ka ɗora mata ya ninka. Kai manomi ne, ka san abin da ke samun jaki in aka yi masa haka."

Abarshi ya ce, "To, Likita, a yi mini allura mana. Wadda ta fi kowace ƙarfi."

Likita ya ce, "Ba ni da allurar da za ta yi maka tafiya. Zan ba ka magani, amma babban maganin yana ƙafarka. Ka rage kitse, ka rage gishiri, ka rage yawan tuwon. Kullum da safe ka fita ka taka, ka fara da kaɗan, kana ƙarawa. In nauyin ya ragu, zuciyar za ta sami sauƙi, ka ga auren 'yarka, har ka ga jika. In ka ƙi, ba na jin za ka kai."

Liya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta.

Likita ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa, "Ka kuma ji wannan da kyau. A hankali na ce. Kada ka tashi rana ɗaya ka ce za ka rama abin da ka bari shekara da shekaru. Aikin ƙarfi farat ɗaya zai iya kashe ka nan take."

Tsoro ya kama Abarshi, kuma tsoron ya yi masa amfani. Washegari da sassafe suka fita shi da Liya, suka bi hanyar Hanwa. Ranar farko bai yi nisa ba ya zauna a kan kututture yana fifita da hula, yana cewa likitan nan mugu ne. Amma kwanaki na tafiya, ƙafa na tuna aikinta. Damina ta fara, ƙasa na ƙamshi, gajimare na kwance a kan duwatsun Kufena kamar audugar da aka shanya. Wani lokaci ya tsaya ya ɗebi ƙasar gonar wani ya murza, ya gaya wa Liya abin da zai yi kyau a cikinta. Ita kuwa daɗi ya cika ta, don rabon da su jera a hanya suna hira tun suna saurayi da budurwa. Hakin ya ragu, barcinsa ya yi daɗi, wandonsa ya fara neman a ƙara tsuke mazagi.

Da an bar shi haka, da labarin nan bai zama abin ba da misali ba. Amma wata safiya suna komowa, sai ga wani dillalin hatsi, abokin cinikinsa, a kan keke. Mutumin ya taka burki har yana neman faɗuwa.

"A'a! Maigida Abarshi, kai ne a ƙasa? Lafiya? Ina motar?"

Abarshi ya ce, "Tana gida. Ɗan motsa jiki nake yi."

Dillalin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ga riga ta yi masa yawa, ya kaɗa kai cikin tausayi ya ce, "Ayya. Allah ya mayar da alheri." Ya hau kekensa ya wuce.

Kafin Lahadi magana ta zaga. Wasu suka ce an ƙwace kwangilar, wasu suka ce an sayar da motar, wasu suka rantse sammu aka yi masa. A bakin coci mata suka ja Liya gefe suna raɗa. "Maman Dinatu, me ya sami maigidan ne? Ya rame fa. Ko ba ya samun abinci ne?" Maza kuwa suka dinga yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa wanda gobara ta cinye. Kowace sannu sai ta soke shi. Mutumin da ya sha wuya kafin a kira shi babban mutum, yau ana kallonsa ana jin tausayi! Abin ya fi masa ciwon ƙirjin zafi.

Ran Litinin Liya ta tashe shi, ya juya mata baya. Da rana ya aika aka sayo masa balangu mai kitse, ya zauna a ƙofar gida ya ci a bainar jama'a. Da yamma ya sa aka zaga da shi kasuwa a mota, yana ɗaga wa mutane hannu, don kowa ya gani da idonsa.

Ran Liya ya ɓaci. Ta tsaya a kansa ta ce, "Baban Dinatu, masu cewa ka rame, su ne za su riƙe mini yarinyar nan in ka faɗi? Ni fa ba tumbi na aura ba. Siriri na gan ka na so ka. Don Allah ka tashi mu tafi."

Ya ce, "Ke ba ki san duniya ba, Liya. In suka ɗauka na karye, wa zai ƙara kallona da mutunci? Bari maganar ta lafa. Gobe ma rana ce."

Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Abin da ya zube ya dawo, har da riba. Abarshi ya koma gindin mangwaro, ya ci gaba da nomansa na ido rufe. In ƙirjin ya matsa, sai ya yi shiru ya jira ya saki, ya ce wa kansa iska ce.

Da damina ta yi tsakiya, sai ƙanensa Luka ya zo daga ƙauye. Bayan sun gaisa ya ce, "Yaya, mun kira wa Inna gayyar huɗa ran Asabar. Ta ce ka zo ta gan ka, ta daɗe ba ta sa ka a ido ba. Ba wani aiki za ka yi ba, ka dai zauna a inuwa samari su san babbanmu ya zo."

Luka ya tafi, amma kalmar gayya ta zauna a kunnen Abarshi. Ya kishingiɗa ya lumshe ido, sai wata dabara ta zo masa, mai daɗi kamar zuma. Likita ya ce a motsa jiki, ko ba haka ba? To, ga motsa jikin da ba wanda zai kira shi talauci. Babban mutum ya tuɓe riga ya shiga gayyar uwarsa, ai sai yabo. Zufar yini ɗaya za ta narkar da abin da tafiyar wata da watanni ba za ta narkar ba, ya huta da Liya, ya huta da likita. Gargaɗin nan na a hankali ya ɗan leƙo cikin tunaninsa, ya kore shi kamar ƙuda. Bai gaya wa kowa ba.

Ran Asabar mota ta kai shi da Liya har inda hanya ta ƙare. Gonar Doguwa na nan yadda ya bar ta, shimfiɗe har bakin rafi, dawa ta kai gwiwa, kore shar. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta yi laushi, rana kuma ta fito da ƙarfinta. Mata na ta sauke tukwanen kunu da ƙoren tuwo a gindin ɗorawa. Doguwa ta taso ta tarye shi, tsohuwar da shekaru suka mayar ƙanƙanuwa, busasshiya, wadda har yanzu da ƙafa take cin kasuwar Samaru. Ta dafa hannunsa, ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Ɗana, ka yi nauyi." Ita kaɗai ce ta faɗi haka ba da yabo ba.

Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Samari suka jeru, ganga ta tashi, garemani suka fara sauka tare suna tashi tare. Abarshi na kallo, yatsun ƙafarsa na motsi. Can sai tsohon makaɗin ƙauyen ya waiwayo, ya ƙura masa ido, ya gane shi. Ya yi dariya, ya juya kiɗan. Taken Abarshi ne, wanda rabon da a kaɗa shi an yi shekaru. Maroƙi ya ɗaga murya: "Abarshi ɗan Doguwa! Ƙasa ta san tafinka! Ina mai gaba, ga na baya sun gaji da jira!" Wata mata ta rangaɗa guɗa.

Abarshi ya miƙe ya fara tuɓe babbar riga.

Liya ta riƙe masa hannu. "Baban Dinatu, ka tuna abin da likita ya ce. Don girman Allah ka zauna."

Doguwa ma ta ce, "Zauna, ɗana. Ka yi naka a lokacinka. Bar wa yara."

Luka ya rugo yana cewa, "Yaya, wasa ne kawai makaɗin ke yi, ba sai ka shiga ba."

Amma idon jama'a duk yana kansa, ganga kuma ba ta daina kiransa ba. Ya zame hannunsa daga na Liya a hankali, ya ce, "Kunya ɗaya tak zan yi." Ya karɓi garmar Luka, ya shiga layi. Wuri ya kaure da sowa.

Saran farko ya zauna daram. Hannu bai manta ba. Ƙasa ta juye baƙa wuluk, ƙamshinta ya bugi hancinsa, daɗi ya rufe shi har ya ji ƙwalla. Ya ƙara, ya ƙara. Samarin da ke gefensa suka fara yi masa nisa, maroƙi ya sake kiran sunansa, sai ya ƙara sauri. Numfashi ya fara yankewa. Dutsen nan ya dawo ya zauna a ƙirjinsa, ya fi na ranar coci nauyi, ciwon ya bi muƙamuƙi ya sauka hannu. Ya san abin da ake gaya masa. Da ya ajiye garmar a nan, watakila da an kai shi gida da ransa. Amma ya tuna ana kallo, ya cije ya sake ɗaga ta.

Sai kuma abin mamaki, nauyin ya ɗauke gaba ɗaya. Jikinsa ya yi sakayau. Garmar ta koma kamar ba ta da nauyi, ƙasa na buɗewa tun kafin ya taɓa ta. Ya wuce saurayi na farko, ya wuce na biyu, ya wuce su duka. Kiɗan ya yi ta nisa, ya yi ta laushi, kamar ana yin sa a ƙetaren rafi. Hasken rana ya yi fari fat, ba zafi. Ya hango ƙarshen gonar yana matsowa, ciyawar bakin ruwa na kaɗawa, ya ji wani yana kiran sunansa daga baya da muryar Liya, ya ce a ransa bari ya kai ƙarshe tukuna ya waiwaya.

Ashe bai kai ko tsakiyar gonar ba. A can ya durƙusa, ya kifa a kan ƙasar da ya juya, garmar na hannunsa. Ganga ta tsaya cak. Liya ce ta fara isa gare shi, tana jijjiga shi tana kiransa, Luka na yayyafa masa ruwa. Doguwa ta iso daga baya, ta zauna a ƙasa, ta ɗora kansa a cinyarta, ta share masa ƙasar da ke fuskarsa da gefen zanenta. Kafin samari su ɗauko shi su kai ga mota, rai ya yi halinsa.

Aka binne shi a ƙauyen. Mutanen Sabon Gari suka zo gaisuwa da yawa, har da waɗanda suka ce ya rame, suna ta faɗin yadda ya yi kyau a kwanakinsa na ƙarshe. Liya dai ta rungume Dinatu tana kallon ƙasa. Bayan kwanaki Luka ya ɗauki garma zai ƙarasa kunyar da wansa ya fara, Doguwa ta hana shi. Ta ce a bar ta yadda ɗanta ya bar ta. A shekarar nan dawa ta yi kyau a gonar ko'ina, ban da wannan layi guda, wanda ciyawa ta cinye tun daga inda ya faɗi har bakin rafi.

Darasin da ke cikin labarin Abarshi a fili yake. Ƙiba ba shaidar arziki ba ce, kaya ce da zuciya ke ɗauka ba dare ba rana, kuma zuciya tana gajiya. Jikin da aka saba masa da zama ba a gyara shi da tunani, ba a kuma gyara shi da zafin nama na yini ɗaya. Ana gyara shi ne da tafiyar yau da gobe, da rage abin da ake ci, da bin maganar likita yadda ya faɗe ta. Wanda ya fara wannan hanya kada ya bar ta don an ce ya rame ko an yi masa dariya. Masu maganar za su zo gaisuwa su koma gidajensu, iyalinsa ne za su zauna da rashinsa. Kai mai karatu, in ƙafarka na iya ɗaukarka yau, tashi ka taka, ka fara da kaɗan, kada kuma ka daina.